Makaɗi a Gaban Majigi: Yadda Ake Zaɓa wa Fim ɗin Barkwanci Marar Magana Kiɗa

A fagen wasa makaɗi da mai rawa rufa wa juna asiri suke yi. In makaɗi ya ga ƙafar mai rawa ta yi nauyi sai ya sassauta hannu, in mai rawa ya ji ganga ta ɗau zafi sai ya ƙara wuta. Wanda aka ce ya yi wa tsohon fim ɗin barkwanci kiɗa ba shi da wannan gatan. Mai rawarsa ya gama rawar tun shekara ɗari da suka wuce, ba zai jira kowa ba, ba zai waiwayo ba. Duk gyaran da za a yi, daga hannun makaɗi zai fito.

Na rubuta wannan jagora ne saboda mutum uku da ake iya samu a Birnin Gwari: malamin makarantar da ya samu aron na'urar majigi yana son nishaɗantar da yara, da mai gidan kallo da ke neman abin sawa ranar da babu ƙwallo, da samarin da ke ɗaukar gajeren wasan barkwanci da waya ba tare da magana ba. Ƙasar ta dace da irin wannan fim. In aka tara mutane daga Randagi, Kuyello, Dogon Dawa da Kakangi, za a sami Bahaushe da Bagwari da Bakamuke da Bafulatani a tabarma ɗaya, kuma mutumin da ya zame ya faɗi cikin taɓo ba ya bukatar tafinta. Bayan shekarun da taron dare ya gagara a yankin, tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin a ƙarshen 2024 jama'a suka fara samun zuciyar taruwa.

Abin ba baƙo ba ne a Arewa. Dattawan da suka yi wayo kafin zuwan talabijin suna tuna motar majigi: a iso gari da yamma, a ɗaura farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a ta da inji, jama'a su baje a ƙasa. Turawan mulki sun kafa hukumar shirya irin waɗannan finafinai a 1939, suka damƙa ta ga William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya fara wannan aiki a Legas. Finafinan na koyar da tsafta ne da noma da makamantansu, da yawansu babu magana a ciki, sai mai bayani ya riƙe makirfo yana faɗa da harshen mutanen wurin. Don kada taro ya watse, akan jefa gajerun finafinan Charlie Chaplin a tsakani.

A can Amurka da Turai inda aka yi finafinan, da wuya a kalle su shiru. Ƙaramin gidan silima yana da mai fiyano ɗaya, babba yana da tawagar makaɗa. Da farko kowa abin da ya zo hannunsa yake bugawa, har a 1911 wani marubuci, Louis Reeves Harrison, ya yi wa makaɗan silima wankin babban bargo a mujallar Moving Picture World, saboda a ce ana mutuwa a allo, mai fiyano yana kiɗan rawa. Tun 1909 kamfanin Edison ya fara buga shawarwarin kiɗa tare da finafinansa. A 1913 J. S. Zamecnik ya fitar da littafin gajerun kaɗe-kaɗe don masu fiyanon silima, a 1924 kuma Erno Rapée ya fitar da wani ƙato, wanda ya jera kiɗa bisa yanayi: gudu, tsoro, soyayya, baƙin ciki, raha. A gefen kowane shafi akwai jerin yanayin da lambar shafinsa, don makaɗi ya buɗo da hannu ɗaya idonsa na kan allo. Abin ɗauka a nan shi ne tsarin. Su ba sa tambayar wace waƙa ce ke tashe. Suna tambayar wane hali ake ciki a wannan minti.

Ka san fim ɗin kafin ka taɓa ganga

Ka kashe sautin da ya zo da fim ɗin ka kalle shi tsaf. Kallon farko na dariya ne, kada ka riƙe biro. Ka dai lura da inda dariyar ta kuɓuce maka, domin nan ne za ta kuɓuce wa jama'a. A kallo na biyu ka ɗauko takarda ka ja layi uku: minti nawa, me ke faruwa, wane hali. Gajerun finafinan wancan zamani yawanci minti 20 ne zuwa 25, kuma in ka yanka su za ka ga ba su wuce gaɓa goma ko sha biyu ba. Kowace gaɓa kiɗa ɗaya take so. Masu sabon hannu sukan sauya kiɗa duk lokacin da hoto ya sauya, sai kunne ya gaji kafin a kai rabi.

A gefen takardar ka rubuta alamar da ke zuwa kafin abu ya faru, ba abin da kansa ba. In ka rubuta "ya faɗi", ka makara, domin kafin ka ɗaga hannu ya riga ya tashi. Ka rubuta "ya juya baya ga ƙofa", ka san saura numfashi biyu. Kuma kwafin da ka yi atisaye da shi, shi za ka nuna. An ɗauki waɗannan finafinai da kyamarar da ake juyawa da hannu, saurinsu bai daidaita ba, saboda haka fim ɗaya yana iya zama minti 19 a wani kwafin, 24 a wani. Wanda ya yi atisaye da na waya ya zo ya tarar da wani a kwamfutar mai majigi, takardarsa ta tashi aiki.

Wawa bai san shi wawa ba ne

Nan ne gaɓar da ta fi kowace, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Da an ce barkwanci, hannun makaɗi sai ya tafi ga kiɗan ban dariya: tsalle-tsalle, fito, ƙarar zamewa. Chaplin da kansa ya yi ta fama da masu taya shi tsara kiɗa a kan wannan. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne yake goga gogen Turawa, sai ya rera abin da ke ransa wasu su rubuta; haka ya yi wa City Lights a 1931 da Modern Times a 1936. A littafin tarihin rayuwarsa ya bayyana cewa su suna so kiɗan ya ba da dariya, shi kuwa yana so kiɗan ya kasance mai natsuwa da kwarjini, ya tsaya daura da ɗan yawon nan mai yagaggen takalmi da yake fitowa a matsayinsa, kada ya yi gasa da hoton. Ina ganin ya fi su gaskiya, kuma duk wanda ya kalli 'yan kama ya san dalili. Ɗan kama yakan ɗauki waƙar da aka yi wa sarki ko jarumi ya mai da ita ta tuwo da miya, amma ba ya sauya murya, ba ya murmushi. Da zai yi dariya da kansa, da wasan ya mutu.

A duba wurin cin takalmi a The Gold Rush na 1925. Mutum biyu dusar ƙanƙara ta rufe su a bukka, yunwa ta kai su maƙura. Chaplin ya dafa takalminsa ɗaya a tukunya. Ya soka cokali mai yatsu ya ji ko ya nuna, ya ɗan ƙara masa lokaci, ya goge faranti da hannun riga, ya kwaso takalmin ya zuba masa romo. Abokinsa ƙato ya ƙwace saman, ya bar masa tafin mai ƙusoshi. Bai damu ba. Ya naɗe igiyar takalmin a cokali kamar taliya, ya tsotse ƙusa ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a gefen faranti. A duk tsawon wurin nan fuskarsa ta mai cin liyafar gidan attajiri ce. To, kiɗan liyafa za ka ba shi. In da mai gurmi kake aiki, ya yi tafiyar hawainiya, sanyi-sanyi, irin kiɗan da ake yi wa mai gida yana hutawa bayan la'asar. Kada a yi wa ƙusa ko ɗaya ƙara. Jama'a suna ganin takalmi, kunnensu yana jin daula, tazarar da ke tsakani ita ce za ta kwantar da su. Da ka sa kiɗan wasa, ka gaya musu abin da suka riga suka gani, ka kuma ci amanar mai cin takalmin, wanda shi da gaske yake.

Masu shirin Mista Bin, wanda yaranmu suka fi sani, sun bi wannan hanya: da muryoyin mawaƙan coci cikin harshen Latin ake buɗe shirin, a yayin da wani gaɓo ke faɗowa daga sama. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowace gaɓa ita ce, shi wannan mutumin me yake ɗaukar kansa a yanzu? In yana ganin kansa jarumi, ba shi kiɗan maza. In yana ganin kansa ango, ba shi na angwaye.

Kowane abin kiɗa da mai shi

Littattafan Turawa ba za su gaya maka wannan ba, domin fiyano ba ta da dangi. Kayan kiɗanmu kuwa kowane da gidansu, kuma kunnen Bahaushe yana jin gidan kafin ya ji kiɗan. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yanmata a dandali, shi Shata ya ɗauka ya zaga duniya da shi. Kotso da taushi na fada ne, kunne na jin su sai ya tuno Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Garaya ta maharba ce, ta kuma 'yan bori. Ƙwarya da shantu na mata ne a cikin gida, kuma mutanen da hanyar Funtuwa ta ratsa ƙasarsu ba sa bukatar a gaya musu wace ce Barmani Coge. Wannan gado makami ne a hannunka in ka iya riƙe shi. Matsoraci ya ɗauki sanda zai fita neman ɓera, ka sa masa garayar maharba, ka gama da jama'a. Ƙaton ɗan sanda ya shiga kicin ya ɗaura zane, ƙwarya ta ishe shi.

Amma akwai waɗanda ba a taɓawa. Tambari da kakaki na sarki ne. A garin da ke da sarki a zaune, ba a busa wa ɗan yawo kakaki don a yi dariya, ko da naɗaɗɗe ne daga waya. In kana son kwarjinin ƙarya, badujala ta wadatar, ita ba wanda zai ji haushi. Bandiri na zikiri ne, a bar shi inda yake. Goge kuwa, in a filin makaranta ne da iyaye a wurin, wasu za su tashi tun kafin su ga fim ɗin. Kukuma ta fi shi sauƙin shiga taro, ita ma a duba wurin.

Sai babban tarko, wato take. Kalangu magana yake yi. Makaɗin da ya saba da biki, hannunsa da kansa yake komawa taken wani: na sarkin fawa, na wani ɗan dambe, na wani ɗan siyasa. Kai kana kallon allo ba ka lura ba, jama'a kuwa sun ji an kira sunan mutumin da suka sani daidai lokacin da jaki ya harbi wani a allo. Ko dai dariyar ta bar fim ɗin ta koma kan mai taken, ko kuma gobe a kira ka gaban mai unguwa. Ka zauna da makaɗinka tun a atisaye ka ce masa, Malam, yau ba mai take, zallar kiɗa muke so. In kuma ya ga wani ya ɗaga kuɗi zai yi liƙi, ya yi kamar bai gani ba har a gama.

In za a bi ra'ayina, mutum biyu sun isa: ɗaya mai tsarkiya, gurmi ko kuntigi, ɗaya mai kalangu. Mai tsarkiya shi ke riƙe da labari, mai kalangu shi ke riƙe da ƙafa. Kuntigi, ɗan ƙaramin abin nan mai tsarkiya ɗaya da Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi, kamar don Chaplin aka ƙera shi: ƙarami, mai kaifin murya, talaka amma mai ji da kansa. Ba mamaki, ai Ɗanmaraya ma 'yan garuwa da karen mota ya yi wa waƙa. Ka ba ɗan yawon ɗan gajeren kiɗa nasa na kansa, wanda za a ji duk sa'ad da ya shigo, ka ba ƙaton da ke korarsa nasa a kan uwar kalangu. Kiɗa biyun nan, da na gudu ɗaya, da mai sanyi ɗaya don wurin budurwa, sun isa fim na minti 20. Sauran duk juya su ne: a rage sauri, a ƙara, a yi ƙasa da murya. Mai fiyanon zamani, irin wadda ake yi wa finafinan Kano kiɗa da ita, shi ma zai iya aikin shi kaɗai, da sharaɗin ya kashe gangar nan da ke buga kanta. Inji ba ya ganin allo, kuma ba ya iya tsayawa cak a tsakiyar bugu.

Gudu, faɗuwa, da inda ake ɗauke hannu

Finafinan barkwanci da yawa na wancan zamani da tsere suke ƙarewa. Kuskuren da aka saba shi ne a fara da cikakken gudu. Tseren da ke cikin Cops na Buster Keaton, na 1922, yana farawa da 'yan sanda kaɗan ya ƙare da rundunar gari gaba ɗaya; in ka zazzage ƙarfinka a mintin farko, ba ka da abin ƙarawa lokacin da titi ya cika. Ka ɗauki saurin daga ƙafar mai gudu, ka riƙe shi daram, ƙarin ya zo ta wajen kauri: kalangu shi kaɗai, sai tsarkiya ta shigo, sai caki, sai tafi.

Hawan bene kuma wani abu ne daban, kuma nan kalangu ya fi fiyano. A Safety Last! na 1923, Harold Lloyd yana hawa dogon gini ta waje, hawa bayan hawa, har ya rataye a hannun agogo. Mai kalangu ya matse igiyoyin a hammata kaɗan-kaɗan, muryar tana tashi tare da mai hawan, in ƙafarsa ta zame a saki hammata muryar ta zube. Abu ne da makaɗanmu ke yi kullum ba tare da sun ɗauke shi komai ba.

Game da faɗuwa da mari da harbi a gindi, ka yi rowa. Kiɗan Tom and Jerry yana bin kowane taku da kowane ƙiftawar ido, kuma ya yi kyau ga zanen kyanwa da ɓera. Ɗan Adam in aka yi masa haka sai ya koma 'yar tsana. A fim ɗaya ka zaɓi bugu uku ko huɗu da za ka kama daidai, sauran ka bar su su wuce ƙarƙashin kiɗan da ke tafiya. Wanda ka zaɓa kuwa ka same shi a kan gaɓa. Bugun da ya makara da rabin daƙiƙa gara babu shi.

A Steamboat Bill, Jr. na 1928 akwai wurin da guguwa ke rushe gari. Keaton yana tsaye a titi, a ruɗe, ya ba wani gida baya. Fuskar gidan gaba ɗaya ta ɓalle ta faɗo a kansa, sai ya zamana tagar sama a buɗe take, ta nan jikinsa ya wuce, ya tsaya ƙyam ko ƙwarzane babu. Ba dabarar kyamara ba ce, bangon gaske aka sako masa. Mai sabon hannu zai zuba duka ganguna a kan faɗuwar bangon. Ni shawarata, kiɗan guguwa ya yi ta tafiya har lokacin da bangon ya fara rinjaya, sai kowa ya ɗauke hannu. Bangon ya faɗi cikin shiru. Za ka ji salatin mata da ihun yara sun cika wurin, sannan dariya ta biyo baya da suka ga yana tsaye. Kada ka dawo sai ya waiga ya dubi abin da ya faru ya zura da gudu. Dariyar jama'a tana cikin kiɗan, in ta tashi ka ba ta hanya, in ta fara sauka ka karɓe ta.

Laurel da Hardy kuwa ba gudu suke yi ba, ramuwa suke yi cikin natsuwa. A Big Business na 1929 sun je tallar itacen Kirsimeti, rigima ta haɗa su da wani mai gida. Shi yana farfasa motarsu, su suna farfasa gidansa, kowa yana tsayawa ya kalli ɓarnar da ake yi masa kafin ya rama. A nan ka raba makaɗa: ɗaya na mai gida, ɗaya na 'yan talla, su riƙa ba juna amsa, da ɗan shiru a tsakani. In za ka fara gwada hannunka, da wannan fim ko da The Pawnshop na Chaplin, na 1916, nake ba ka shawara ka fara. A na biyun akwai inda wani ya kawo agogo jingina, Chaplin ya auna shi da abin sauraron ƙirji na likita, ya buɗe shi da abin buɗe gwangwani, ya shinshina, ya zare kayan cikin ɗaya-ɗaya, sannan ya share tarkacen cikin hular mai shi ya girgiza kai. Kiɗa ɗaya mai natsuwa, na ƙwararre a bakin aikinsa, ya isa wurin tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ya shafi wannan ƙasa

Mutanen da suka kwana shekaru suna kasa kunne ga abin da zai fito daga dajin Kamuku da Kuyambana ba sa jin ƙara yadda mutanen wani wuri ke ji. A tsofaffin finafinan nan ana yawan harba bindiga ta wasa, a bi mutum ana harbinsa a wando. Kada ka kwaikwayi ƙarar. Bugu mai kaifi a jere cikin lasifika da dare zai iya ta da unguwar da ba ta san ana majigi ba, kuma a cikin masu kallo akwai yaran da suka san ƙarar gaske. Ka bar kiɗan gudu ya wuce da wurin, ko a sa ƙwarya ta yi ɗan ƙwas. Haka rurin babura da jiniya. Lasifika kuma a juya ta ga masu kallo, a rage ta. Gurmi da kalangu a ɗakin aji ba sa ma bukatarta. A sanar da mai unguwa tun da rana, a fara bayan isha'i a tashi da wuri, ko a yi da la'asar a ɗakin da aka rufe tagoginsa.

Abu na biyu ya fi wannan laushi. Barkwancinmu ya daɗe yana jingina wauta ga ƙabila: a kwaikwayi Hausar Bagwari, a sa wa mutum malfa da sanda a ce Bafulatani ne ya shigo birni. Kiɗa yana iya yin wannan ba tare da an furta kalma ba. Ka busa sarewa duk lokacin da gaɓon fim ya bayyana, ka riga ka faɗi ko shi wane ne. Tsakanin abokan wasa a lokacin lafiya wannan ba komai ba ne. A garin da ake ɗinkin zumunci bayan jini ya zuba, ba na ganin dariyar ta kai kuɗinta. Sarewa tana da wurinta mai kyau: fitowar rana, tafiya a daji, kaɗaicin ɗan yawo a kan hanya. A ba ta nan.

In babu makaɗi

Da yawa za su ƙare ne da waya da lasifika. To, dokar farko, kiɗa marar waƙa. Da murya ta shigo da kalmomi, kunne ya bar allo. Waƙar da kowa ya sani ta fi muni, domin jama'a za su kama amshi su manta da Keaton. Ka tara guntaye biyar ko shida, ka sa musu suna da yanayinsu kamar yadda Rapée ya yi, ka jera su bisa takardarka, mutum ɗaya ya zauna ba shi da aiki sai sauyawa da rage murya. Sauyin ya zo lokacin da allon rubutu ya fito ko wuri ya canza, a rage na farko a hankali kafin a ɗago na biyu.

Masu haɗa nasu wasan a CapCut su ma wannan ta shafe su. Dariyar nan da ake liƙawa, da ƙarar zamewa da ake sa wa kowane motsi, sun zama kamar magi a hannun sabuwar amarya. A dubi Khaby Lame, ɗan asalin Senegal da ke zaune a Italiya, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafiya yawan mabiya a TikTok ba tare da ya buɗe baki ba: fuska ce da tafin hannu biyu, sautin bai taɓa rufe su ba. Ka gama yanka hoton tukuna, sannan ka kira mai gurmi ya kalla a waya ya buga, ka naɗa da wata wayar a ɗaki mai labule da katifa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. A dokar Amurka fim yana fita daga hannun masu shi bayan shekara 95, saboda haka na shekarun 1920 sun zama na kowa a can. Sai dai kiɗan da ke jikin kwafin da ka sauko da shi daga intanet sau da yawa sabo ne, da mai shi a raye, kuma shi ne ke sa YouTube ko Facebook su toshe maka sauti. The Gold Rush ma iri biyu ne: na 1925, da wanda Chaplin ya sake fitarwa a 1942 da muryarsa da kiɗansa. Shi kansa Chaplin bai tsira ba: ya sa waƙar La Violetera a City Lights bai ambaci mai ita ba, José Padilla ɗan Sifen ya kai shi kotu ya yi nasara. Kiɗan da makaɗin unguwarku ya buga maka, ka biya shi, ka rubuta sunansa a ƙarshe, ya raba ka da wannan duka.

Allunan rubutun da ke fitowa da Turanci suna bukatar mai bayani, kamar zamanin majigi. Ka zaɓi mai gajeren baki. Ya fassara abin da aka rubuta, ya yi shiru. Mai bayanin da ke cewa "ku duba, yanzu zai faɗi" ya kashe faɗuwar. Shi da makaɗa su zauna gefe ɗaya, a gaba, inda suke ganin allo ba tare da sun tare wa kowa ba, da 'yar tocila a kan takarda. In zai yi magana ya taɓa gwiwar mai gurmi, kiɗa ya yi ƙasa. A makarantar da ba a son kayan kiɗa sam, mai bayani da tafin yara sun isa, sai dai a koya musu tun farko inda za su tsaya.

A yi atisaye cikakke aƙalla sau ɗaya, daga farko har ƙarshe ba tsayawa, da injin wutar a kunne, domin ƙararsa tana cinye muryar kuntigi in an ajiye shi kusa. A ja waya mai tsawo a kai shi bayan gini. A kuma shirya wa ɗaukewar wuta, don za ta faru. In allo ya mutu, makaɗa kada su tsaya: su koma kiɗan ɗan yawon a hankali, mai bayani ya riƙe yara da tambayar wa ya san abin da zai biyo baya. In wuta ta dawo, a mai da fim ɗin baya da minti ɗaya, mai riƙe da takarda ya nuna wa makaɗa layin da za a tashi daga kai.